Lakar Takarda da Ruwan Marinata

Da na buɗe akwatina a masauki a birnin Mumbai, sai na tarar babbar rigata fara ta koma kalar hantar da ta kwana. Hula, 'yar ciki, wando, har dardumar salla, babu wanda ya tsira. Gorar ruwan marina ce ta fashe a cikin jirgi. Ni na ɗebo ruwan da hannuna daga kwatar da ke bayan marinata a Daura, na naɗe gorar da leda, na cusa ta tsakiyar tufafi don kada ta bugu. Dalilina na ɗan kasuwa ne. Ban taɓa sayen galura ban gwada ta a ƙyallena ba, to ta yaya zan sayi injin tace ruwa ban gwada shi da ruwana ba?

Sunana Sale, a kasuwa ana ce mini Sale Mai Galura. Da keke na fara, ina saro garin rini a Kano ina zagaya kasuwannin Daura da Dutsi da Babban Mutum. Da Allah ya buɗa, na kafa marinar shadda a bakin gari, na ɗauko Baba Tanko, tsohon marini wanda a hannunsa na koyi karofi ina yaro, na ɗora shi a kan ma'aikata. Ruwan da muka gama rini da shi yana bin kwata ya faɗa wani rami. Da rani babu wanda ya damu. Daminar bara aka yi ruwa mai yawa, ramin ya tumbatsa, ya gangara tafkin da shanu ke sha. Shanun Arɗo Buba suka kama zawo, waɗansu suka yi ɓari. Arɗo bai yi faɗa ba. Ƙwarya ya cika da ruwan tafkin, ya kai gaban dagaci ya ajiye, ya koma gefe ya zauna. Hukuncin dagaci gajere ne: kafin ruwan farko na bana ya sauka, ko dai in gyara ruwana, ko a rufe marinar. Gidajen da ke cin abinci a marinar nan suna da yawa, kuma yawancin masu su ba su iya wata sana'a ba.

Wanda ya tarbe ni a Indiya shi ne Habu, ɗan wani aminina na Babban Mutum. Karatu ya kai shi, ya zarce da tafinta ga marasa lafiyar da ke zuwa daga gida. Shi ya riƙa turo mini hoton wani inji, baƙin ruwa na shiga ta nan, fari tas yana fita ta can. Da ya ga akwatin sai da ya riƙe ciki don dariya, ya ce ni ne mutum na farko da ya kawo wa Indiya rini daga Daura. Na ce ya yi dariyarsa, amma ya samo mini bokiti. Na jiƙa babbar rigar, na matse ta, na haɗa da ɗan abin da ya rage a gindin gorar, na sami abin gwaji. Rigar kuma na ƙulle ta a leda.

Mumbai ba ta ba ni damar kallonta ba. Na saba da cinkoson Kantin Kwari, amma can mutane suna tafiya suna gaisawa. Nan kuwa kamar an ɓalle dam. A tashar jirgin ƙasa ban san lokacin da na shiga tarago ba, jama'a ce ta ɗauke ni ta ajiye. Na tsaya da ƙafa ɗaya, hancina a hammatar wani, wani yaro kuma yana shafa hannuna yana duba yatsunsa ko baƙin ya fita. Uwarsa ta make shi, ta haɗa tafukanta ta sunkuyar mini da kai. Na ce mata babu komai, da Hausa, kuma ta gane.

Garin da muka sauka a jihar Gujarat ba zan kira sunansa ba, don na ci abincin mutanensa. Gari ne na masana'antu, hayaƙi iri-iri, wari kuwa kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a cikin kananzir. Muna cikin keke mai ƙafa uku muka hau wata gada, na leƙa ƙasa, na ce wa direban ya tsaya. Rafi ne mai faɗin hanyar Katsina. Gefe ɗaya ja wur, gefe ɗaya baƙi, tsakiya kumfa ruwan ɗorawa tana tafiya a hankali. Babu ciyawa a bakinsa, babu kwaɗo, babu yaro mai wanka. Wata balbela na tsaye a kan dutse, ƙafafunta da cikinta duk sun rine. Ban taɓa ganin balbelar da ba fara ba. Na daɗe a tsaye, idona yana yaji. A bakin gadar ga tulin gwangwanaye, irin waɗanda nake sayarwa a shagona, har zanen jikinsu. Habu ya ce mu tafi, ana jiranmu, nan kowa ya saba. Ni kuwa tafkinmu nake gani.

Mai injin ya karɓe mu da shayi da murmushi, a wani rumbu mai tsafta. Injin yana ƙyalli, ga fitilu kore da ja. Ya zuba nasa baƙin ruwan, ya danna, ruwa ya fito garau kamar na rijiyar burtsatse. Na yaba. Sannan na fito da gorata na ce a gwada wannan. Murmushin ya ɗan ragu. Suka yi magana da Habu da yarensu, mutumin ya zagaya bayan injin ya murɗa wani abu, ya dawo ya juye ruwana. Shi ma ya fito garau.

Duk wanda ya tashi a karofi ya san ido ba ya gama shaida. Baba Tanko ba ya tsoma zane a rijiyar baba sai ya sansana, ya kamfata ya kai baki, harshensa ya gaya masa ko toka ta yi yawa, ko rijiyar ta nuna. Haka na taso na gani, hannuna kuma ya riga tunanina. Na kamfaci ruwan a tafin hannu na kurɓa.

Kamar na sa garwashi a baki. Na tofar, na tofar, leɓena yana zafi, hancina ya cika da warin ruwan bilicin da mata ke jiƙa fararen kaya, amma mai ƙarfin da ban taɓa ji ba. Na ciro rigar daga leda na tsoma bakin hannunta a ruwan da ya fito. Muna kallo launin ya gudu, zaren ya yi fari-fari, na ja shi ya yage kamar takarda. Ashe injin ba ya cire komai. Launin yake kashewa, ya ƙara wa ruwan wata gubar a kan ta da.

Na ja Habu waje. Ina zaton zai ce shi ma an rufe shi ne. Sai ya ce na kunyata shi a gaban mutanen da yake hulɗa da su, wa ya ce in sha?

Na ce, "Habu, ka san abin da ke cikin injin nan?"

Ya kawar da kai, ya ce, "Baba, dagaci da ido zai duba, ba da harshe ba."

"Shanun Arɗo fa? Su ma da ido suke sha?"

Ya ce in ba shi wayata ya kira mai keken da ya kawo mu, tasa babu caji. Na ba shi. Ya zagaya kwana yana magana. Na tsaya a inuwar katanga har inuwar ta bar ni. Ban sake ganin Habu ba.

An cuce ni a kasuwa ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa zama na yi kuka ba, don wanda ya shiga kasuwa ya san da kura a ciki. Amma wannan yaron ni na raɗa masa suna a kunne ranar da aka haife shi, ubansa ba ya gari. Fasfo da guzurina suna aljihun 'yar ciki, don ban taɓa rabuwa da su ba ko a banɗaki. Akwati kuwa yana wani masauki da ban san sunansa ba, a unguwar da ban san hanyarta ba. Abin da ya rage a hannuna leda ce da jiƙaƙƙiyar riga.

Na kama titi ina tafiya. Harshena ya kumbura har maganar da nake yi ni kaina ba na ganewa. Na nuna wa mutane baki, na nuna hanya, waɗansu su girgiza kai irin girgizar nan tasu da ba ka san i ba ce ko a'a, waɗansu su matsa gefe. Wani mai shayi ya miƙo mini kofi ya ƙi karɓar komai, na kai baki zafin ya sa na saki kofin ya fashe. Ya dube ni, ya dubi kofin, ya kawo ruwan sanyi.

Da la'asar ta yi na sami wani fili kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, na yi taimama, na shimfiɗa ledar na ta da salla. Ban san gabas ba, na dai ba rana baya. Ina sallamewa sai na ji an dafa kafaɗata. Wani dattijo ne mai jan gemu, ya kama ni ya juya ni baya ɗungurungum, ya nuna inda rana ke faɗuwa, ya ce alƙibla. A ƙasar nan Makka tana yamma. Duk tsawon rayuwata gabas nake fuskanta, ranar nan na ba Ka'aba baya. Na sake sallar, shi kuma ya tsaya yana jirana.

Sunansa Yusuf, direban tifa ne. Tsakaninmu babu yare sai sallama da alhamdu lillahi da nuni. Na buɗe masa baki ya gani, ya yi salati, ya nuna mini mota. Gaban motar cike yake da 'yan uwansa, don haka baya na hau, a kan kayan da ya ɗauko. Wata laka ce toka-toka, mai danshi, mai warin tsami, in ka murza ta sai ka ga ɗan zare-zare a ciki. Na zauna a kanta ina tunanin inda duniya ta kawo ni, mai marina guda a kan juji.

Gidansa ɗaki biyu ne a wani lungu. Aka kawo abinci, yaji kamar an yi gasa, ko kusa da baki ban iya kai shi ba. Matarsa ta leƙo daga bayan labule, ta yi magana, aka ɗauke kwanon. Can sai ga kofin ƙarfe da wani farin abu mai sanyi. Na kurɓa a tsorace. Tsala ce. Tsala sak, irin wadda matan Fulani ke kawowa kasuwar Daura bayan sun cire mai, sai dai an ɗan barbaɗa gishiri. Na riƙe kofin da hannu biyu. Na tuna rumfar da nake zama ranar kasuwa, da mai furar da ke dama mini ba sai na faɗa mata yadda nake so ba. Ban san hawaye na zuba ba sai da Yusuf ya kawar da kai ya shiga gyara fitilar da babu abin da ya same ta. Da tsalar nan na rayu har harshena ya saɓe ya warke.

Washegari na wanke kaftanina na sa rinanniyar rigar, na bi shi ya kai kayansa, don ba ni da wurin zuwa. Muka shiga wani fili a bayan ƙananan marinu. Ga durom-durom a jere a kan murhu, ga lakar nan an shanya ta a ƙasa kamar ana shanyar kuɓewa, ga kwatamai na siminti. Wata mata mai furfura da tabarau, ta sa takalmin roba har gwiwa, tana ba maza umarni. Malamar jami'a ce, sunanta Reka, masu ƙananan marinun ne suka haɗu suka nemi ta taimake su kafin hukuma ta rufe su. Ta dubi rigata tun daga wuya har ƙasa, ta tambaya da Turanci ko ni marini ne ko kuwa cikin rini na faɗa. Turancina na kasuwa ne, nata na makaranta, muka haɗu a tsakiya. Na ba ta labari da guntun harshena. Da na zo kan injin ba ta yi mamaki ba, ta ce ba ni ne na farko ba.

Ta ce lakar da na zauna a kai sharar masana'antar takarda ce. In an jiƙa tsofaffin takardu da kwalaye za a sake yin sababbi, akwai gutsattsarin zare da farar ƙasa da ba sa shiga, su ke taruwa su zama wannan. Masu masana'antar neman inda za su zubar suke yi. Ita kuma tana busar da ita, ta cika durom ta rufe, ta hura wuta a ƙarƙashi ba tare da iska ta shiga ba, har ta zama gawayi, a daka a tankaɗe.

Ta yanki gefen rigata ta jiƙa a kwalba har ruwan ya yi duhu. Ta zuba cokali na baƙin garin, ta girgiza, ta ajiye a kan bulo, ta tafi harkarta. Ni kuwa na tsuguna a gaban kwalbar kamar mai gadin jinya. Baƙi a kan baƙi, na ce a raina wannan ma wani salon ne. A hankali garin ya fara kwanciya. Saman ruwan ya yi haske. Kafin azahar ina hango yatsana ta cikin kwalbar, sai ɗan ja-ja da ya rage. Babu fitila, babu waya, babu wari. Na yi kasuwancin rini tun ina saurayi, ban taɓa tunanin akwai abin da zai kamo launi daga cikin ruwa ya kwantar da shi ba, balle a ce shara ce.

Na buɗe kwalbar na tsiyaya a tafin hannu. Kafin ya kai baki sai na ji tas a bayan hannuna. Matar nan ce ta make ni, a gaban ma'aikatanta, da ƙarfi kuwa. Tun rasuwar mahaifiyata babu macen da ta taɓa dukana. Na miƙe tsaye.

Ta ce, "Harshe nawa ka zo da shi daga ƙasarku?"

Ma'aikatan suka fashe da dariya, Yusuf ma da bai ji Turancin ba ya taya su. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Gawayin yana kama launi, yana kama waɗansu abubuwan tare da shi, amma gishiri da sodar da muke zubawa a rini suna nan a cikin ruwan. Ya yi kyau a sake wanke zane da shi, a sake haɗa rini. Bai yi kyau mutum ko dabba su sha ba. Ta ce dabarar kakannina ta ɗanɗana rijiya daidai ce a zamanin da ganye da toka ne kaɗai a ciki, amma abin da ke cikin gwangwanina ba ganye ba ne.

Na roƙe ta in zauna in koya. Ta ce babu kujerar baƙo a filin, sai shebur. Na karɓa. Makonnin da suka biyo baya na yi su ina kwasar laka, ina juya shanya, ina kwana a tabarmar Yusuf. Durom ɗina na farko na kasa haƙuri na buɗe shi da zafinsa, iska ta shiga, ya kama da wuta, na tashi da farar toka da rabin gira. Na biyu bai ƙonu ba. Na koyi cewa shuɗi yana saurin kamuwa, ja kuwa taurin kai gare shi, sai an maimaita an bi da shi ta cikin yashi. Na koyi cewa gawayin yana ƙoshi, in ya ƙoshi ba ya ƙara kama komai.

Na tambaye ta inda take kai wanda ya ƙoshi. Ta nuna mini tuli a ƙarƙashin rumfa, ta ce nan ne wuyar aikin, don launin bai mutu ba, wuri ya sauya. In aka zubar a fili ruwan sama zai mayar da shi inda ya fito. Ita masu bulo take ba, su cuɗa shi a ciki ya ɗaure. Na ba ta labarin katsi, dattin da ke kwanciya a gindin rijiyar baba, yadda marinanmu ke kwashe shi su ƙona su yi laso su shafe rijiya da soro. Ta yi ta tambaya, ta ji daɗin labarin. Amma ta ɗaga mini yatsa ta ce kada in kuskura manomi ya ɗauki wannan. Na ce ta kwantar da hankalinta. A raina kuwa na san mutanenmu, duk baƙin abin da aka tara a bayan gari taki ne a wurinsu, kafin gari ya waye an kwashe shi a amalanke. Tun a can na yanke shawarar sai na yi masa ɗaki da ƙofa.

Ana gobe zan tafi, ɗan kasuwar da ke cikina ya motsa. Na tambaye ta yadda zan yi a riƙa loda mini lakar a jirgin ruwa. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce a ƙasarku ba a cin ƙwai? Na ce ana ci. Ta ce a kan me ake jera shi? Ba a yin kwali? Ba a yin takardar goge hannu?

Akwai wata masana'anta a Kano, a kan hanyar da nake bi in sayo soda, inda ake yin faifan ƙwai da tsofaffin kwalaye. A bayanta akwai wani tsauni toka-toka da nake toshe hanci in na zo wucewa. Shekara da shekaru ina wuce shi.

Yusuf ya kai ni tasha da kansa. Na ciro abin da zan ba shi, ya mayar da hannuna aljihu ya riƙe shi a can. Matarsa ta aiko da gorar tsala. Muka rungumi juna, ya faɗi nasa da yarensa, na faɗi nawa da Hausa.

A Kano manajan masana'antar ya sa na maimaita buƙatata, sannan ya kira abokin aikinsa don shi ma ya ji. Suka ce in kwashe duka in ina so. Yanzu da suka ga ina dawowa sun fara cewa a sa musu wani abu, ban kuma ga laifinsu ba, ni ma haka zan yi. Da tifar ta juye a ƙofar marina, Baba Tanko ya zagaya tulin da sandarsa, ya ce ya ga waɗanda suka je Indiya suka dawo da lafiya, ya ga waɗanda suka dawo da mata, bai taɓa ganin wanda ya je sayen inji ya dawo da bola ba. Mahaifin Habu ya zo yi mini barka da sauka. Na ja shi zaure mu biyu na faɗa masa abin da ya faru, ban ƙara ba, ban rage ba. Har yau muna gaisawa.

Lakar Kano ba irin ta can ba ce, yashi ya yi mata yawa, sai da muka yi ta tankaɗe. Muka gina kwatamai uku, ɗaya na gangara wa ɗaya, muka yi ɗakin ajiya, muka buga bulo da gawayin da ya ƙoshi. Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma yana watsewa. Manoma sun gama sharar gona. Sai dagaci ya aiko cewa zai zo ya gani.

Ya zo da mutanensa, Arɗo Buba yana biye, sanda a kafaɗa. Ma'aikatana suka jeru a jikin katanga, kowa hannunsa shuɗi har gwiwar hannu. Na nuna ruwan kwatami na farko, baƙi ƙirin. Na ɗebo na ƙarshe a kofin gilashi na ɗaga. Rana ta ratsa shi. Jama'a suka yi kabbara a hankali, dagaci ya gyaɗa kai. Da a nan aka tsaya, da magana ta ƙare.

Sai Baba Tanko ya matso, cike da alfahari, ya kamfaci ruwan zai kai baki don ya nuna musu. Na cafke wuyan hannunsa. Ruwan ya zube a ƙasa.

Arɗo ya sauke sandarsa, ya ce, "Kaɗo, ruwan da ka hana tsohonka ɗanɗanawa, shi za ka tura wa shanuna? In mai kyau ne, sha mu gani."

Kofin yana hannuna. Kurɓa ɗaya ba za ta kashe ni ba, na sha wanda ya fi shi. Ma'aikatana duk ni suke kallo, na kuma san abin da idanunsu ke roƙo. Na ajiye kofin a kan bulo.

Na ce, "Ba zan sha ba, Arɗo. Shanunka ma ba za su sha ba." Na juya wajen dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, launi na cire, ban cire soda da gishiri ba. Ruwan nan na wanki ne da rini. Daga kwatamin nan zai koma tukunya, daga tukunya ya dawo nan. Ba zai sake fita daga katangar nan ba."

Wani daga cikin mutanen dagaci ya ce ai hukuncin cewa aka yi a gyara ruwa, ga shi mai ruwan da bakinsa ya ce bai gyaru ba. Dagaci kuwa Arɗo yake kallo. Arɗo ya taka a hankali ya bi katanga har inda tsohuwar kwatar ta huda ta ta fita. Ya tsuguna ya leƙa ramin. Ya ce shi bai san soda ba, bai san gishiri ba, abin da ya sani shi ne muddin ƙofar nan tana buɗe, wata rana da dare wani zai gaji ya saki ruwa.

Na ce a kawo bulo da siminti. Aka kawo daga cikin baƙaƙen da muka buga. Dagaci ya ce a toshe a gabansa. Arɗo ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun riga, ya ce shi zai sa na farko. Ya ɗora shi a karkace. Baba Tanko, wanda har lokacin yake murza wuyan hannunsa yana hararata, ya ce Bafulatani da gini sai ka ce akuya da sallar asuba, a ba shi wuri. Arɗo ya ce ai gara nasa ginin, shi bai taɓa rina tafki ba. Aka yi dariya, dagaci ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce Allah ya sa albarka a sana'a.

Ruwan farko ya sauka a makon. Da gari ya waye na taka har tafkin ni kaɗai. Ruwan ja ne, jan ƙasarmu, balbelu farare suna bin bayan shanu.

Ranar kasuwa wata 'yar Arɗo ta ajiye mini ƙwarya a shago, ta ce Baffa ya ce a ba Kaɗo, wannan ya iya sha. Tsala ce. Gefe ɗaya na harshena har yau ba ya jin gishiri, a Indiya na baro shi. Amma tsamin ya ji, na kuma shanye ta tas.